Abin Da Wuƙar Remigio Ta Bari

A garinmu Alcornera, duk wanda ya yi aure cikin shekara arba'in ɗin nan, Remigio ne ya yanka masa cinyar alade ranar biki. Ba wai babu wasu masu wuƙa a garin ba ne. Akwai su, har da masu cika baki. Amma in kana so baƙinka su koma gida ba tare da sun zage ka a hanya ba, to ka je ka roƙi Remigio, ka kuma yi haƙuri da halinsa, don ko limamin coci ba ya amsa wa gaisuwa idan wuƙa na hannunsa.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, hancinsa kuwa zai ishi mutum biyu. Da hancin yake aiki. Yana da wani tsinke na ƙashin doki da ya gada wurin ubansa, kullum yana aljihun gaba. Idan cinya ta sha gishirinta, ta sha iskar dutse a ɗakin sama, ta yi gumin bazara, ta sauka ɗakin ƙasa ta shekara biyu ko uku a rataye, sai a aika a kira shi. Zai soka tsinken a wuri uku, ya zaro, ya kai hanci. Maganarsa ba ta wuce biyu: ko ya ce "Ta yi," ko ya ce "Da saura." In kuwa ya goge tsinken ya mayar aljihu bai ce komai ba, sai mai gida ya fara tunanin inda zai haƙa ramin binne ta. Daga ƙanshi yake gane abin da alade ya ci. Ya taɓa gaya wa Sandalio mai gidan burodi, a gaban mutane, cewa aladensa bai ga 'ya'yan itacen daji ba a watansa na ƙarshe, busasshen burodi aka ɗura masa. Gaskiya ce kuwa, shi ya sa Sandalio ya yi wata uku ba ya yi masa magana.

To wannan mutumin, matarsa ba ta cin cinya.

Kowa a garin ya san haka. Casilda ba ta so, shi ke nan. Mun saba da abin kamar yadda ake sabawa da ɗingishin maƙwabci. A wurin biki ana zagayawa da faranti, in an zo kanta sai a tsallake, ba a ma tsayawa. Ita kuma ta ɗauki zaitun biyu da gutsuren burodi, ta zauna tana kallon mijinta yana fitar da yanka shara-shara, wanda in ka ɗaga shi za ka ga hasken taga ta cikinsa.

Abin ya samo asali tun shekarar aurensu, lokacin yunwa. Alade ɗaya suke da shi. Da aka yanka shi cikin sanyi, sai suka yi abin da duk talaka ke yi a lokacin: suka ba da cinya ɗaya aka musanya musu da kitse, don kitse ne ke kai gida ƙarshen shekara. Ɗayar suka rataye. Remigio a lokacin ɓawon itace yake saɓewa a daji, irin wanda ake marfin kwalba da shi, tun asuba har rana ta faɗi, yana dawowa a galabaice. Ranar da cinyar ta yi, ya fitar da yankan farko ya miƙa wa amaryarsa a kan wuƙa. Ta dube shi, ta dubi naman, ta ce, "Ba na so. Tayar mini da zuciya yake." Ya ce to, ya jefa a baki. Remigio ba ya tambaya sau biyu. Shekara arba'in da shida ke nan, an haifi 'ya'ya uku sun girma sun tafi birni, bai sake tambaya ba.

Abu ɗaya ne ya dame shi a gidan duk tsawon shekarun nan, wato kyanwa. Idan cinya ta ƙare, akwai ɗan jan nama da ke maƙalewa a lungun ƙashi, inda doguwar wuƙa ba ta kaiwa. Yakan bar shi da niyyar gobe ya sa ƙaramar wuƙa ya ƙwaƙule a zuba a miya. Goben na yi, sai ya tarar da ƙashi fes, kamar an wanke. Kyanwa uku ya kora daga gidan a kan wannan, ɗaya ma har hayin rafi ya kai ta cikin buhu. Da aka daina ajiye kyanwa abin bai daina ba, sai ya koma kan ɓeraye, ya cika ɗakin girki da tarko. Tarkon ya kama ɗan yatsansa sau biyu, bai taɓa kama ɓera ba.

A shekarar da nake ba ku labari, wata Lahadi bayan an fito coci, Casilda ta zauna a kan matakala ta ce bari ta ɗan huta. Ba ta taɓa hutawa a gaban mutane ba. Fuskarta ta yi fari fat, leɓenta ya koɗe. Ranar Talata Remigio ya kai ta ɗakin shan magani, inda wata matashiyar likita mai suna Olalla take zuwa sau biyu a mako. Likitar ta ɗebi jinin Casilda. Da ta ga wuyan Remigio yadda ya yi jawur, sai ta ce shi ma ya miƙo hannu. Ya ce shi rakiya ya zo. Ta ce ta ji, ya miƙo.

Ranar Juma'a suka koma jin sakamako.

"Baba Remigio," in ji likitar, "gidanku abin mamaki ne. Kai jininka ya hau, na Mama ya sauka. Me kake ci da safe?"

"Cinya da burodi."

"Da rana?"

"Abin da aka dafa. Da cinya."

"Da yamma fa?"

"Likita, da yamma ai ba a cin abu mai nauyi. Cinya kawai."

"To daga yau ka ajiye ta."

Remigio ya gyara zama. "Kitsen aladenmu da man zaitun ɗaya ne. Na ji a rediyo."

"Kusan ɗaya ne, ban musa ba. Naman ma mai gina jiki ne, akwai sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, akwai bitamin. Ba da naman nake faɗa ba, Baba, da gishirin nake. Kwana nawa kuke binne cinya a gishiri?"

"Kwana ɗaya kowane kilo."

"To gishirin nan ina kake tsammanin yake tafiya? Shekara saba'in kana tara shi a jijiya." Ta juya ga Casilda. "Ke kuwa Mama, abin da na hana shi ke nake so ki ci. Jininki ya yi ƙasa sosai. Ga ƙwayoyi, ɗaya kullum. Sannan jan nama, ko yanka huɗu ko biyar na cinya a rana, hawan jini dai ba ki da shi. Kina gidan da ya fi kowane gida cinya a garin nan, ban ga dalilin da za ki rasa jini ba."

"Ba ta so," in ji Remigio.

"Ba na so," in ji Casilda. "Ina cin wake."

"Ƙarfen wake jiki ba ya ɗaukarsa kamar na nama. Bari in gaya muku gaskiya. Na ba ku mako shida. In na sake aunawa bai motsa ba, zan rubuta takarda a kwantar da Mama a asibitin birni, a ƙara mata jini, a yi bincike."

A hanyar gida, da suka kai bakin famfo, Casilda ta tsaya. Nan ta ce, "Ni ban taɓa kwana a wani gado ba tun da na shigo gidanka. Masu shekaruna in an kai su can, a kwance ake dawo da su." Remigio ya ce ta daina maganar banza. Amma tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, har ya manta bai gaida mutanen da ke zaune a dandali ba, ko da yake da ma ba ya gaishe su.

Makon farko ya yi abin da ya iya. Ya yanka huɗu, ya jera a faranti, ya ajiye mata a gaba. Ta ture. Ya ɗora a kan burodi da tumatir. Ta cire naman ta ci burodin. Ya yi faɗa, ta tashi ta shiga wanke-wanke. Shi ga yunwar cinya na cinsa, yana zaune gaban dafaffen kifi marar gishiri, ga kuma farantin da ya hana kansa yana komawa ɗakin girki ba a taɓa ba. Ƙwayoyin kuwa, ta sha kwana biyu ta ce suna murɗa mata ciki. Daga nan kullum da safe sai ta tura ɗaya cikin tukunyar furen da ke taga. Remigio yana gani. Furen dai ya yi kyau a makon nan.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, da la'asar. Kullum bayan barcin rana Remigio yakan tafi gidan kofi na dandali ya buga karta har rana ta yi sanyi. A ranar, yana zama aka ajiye farantin cinya a tebur na kusa, irin yankan gidan kofi mai kaurin tafin takalmi, amma duk da haka ƙanshin ya shige masa hanci ya hana shi ganin kartar. Ya ajiye ya ce kansa na ciwo, ya koma gida ta ƙofar baya.

Ƙofar ɗakin girki a buɗe take kaɗan. Tsohuwar cinyar da ya gama yankewa jiya tana nan a kan mariƙinta na katako, saura ƙashi. Casilda na tsaye a gabanta da 'yar wuƙar feraye dankali. Tana kankare lungun ƙashin a hankali, ta tara ɗan abin da ya fito a bakin wuƙa, wanda bai kai farce ba, ta sa a harshe. Sai ta rufe ido. Ba taunawa take ba, barin shi take ya narke. Remigio ya shekara arba'in yana kallon fuskokin masu cin cinya, ya san ta wanda ke ci don an ba shi, ya san ta wanda ke so. Bai taɓa ganin mai so kamar wannan ba.

Ya ja da baya a hankali, ya fita, ya tsaya a lungu yana kallon bango. Abin da ya fara zuwa masa a rai, Allah ya gani, kyanwar nan ce da ya kai hayin rafi cikin buhu.

Daga nan gidan Eladia ya nufa, ƙanwar Casilda, wadda mijinta ya rasu, bakinta kuwa bai taɓa rasuwa ba. Ya same ta tana tsince wake a ƙofa.

"A'a, mijin yaya! Yau hanci ya ɓata hanya ne?"

"Eladia, yayarki tana son cinya?"

Ta ajiye tiren. Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Tabɗi. Sai yau?"

"Tambayarki nake."

"Lokacin muna yara, Casilda har igiyar da ake rataye cinya take tsotsa. Babanmu ya sha dukanta a kai."

"To me ya sa ta ce mini ba ta so?"

"Haba Remigio! Cinya ɗaya, kai kana saɓe ɓawo kamar jaki, kana dawowa ido ya faɗa. In ta ce tana so ai rabawa za ka yi, rabin kuwa ba zai kai ka damina ba. Bayan kai ga yara sun zo, baki uku."

"Yara sun tafi shekara ashirin. Cinya bakwai ce a ɗakin ƙasa yanzu."

"To ta tashi ran nan ta ce maka me? 'Maigida, ashe ƙarya nake yi maka tun ranar farko'? A gaban garin da ke tsallake ta da faranti? Ba ka san yayata ba ke nan. Kai dai ka san abin da alade ya ci shekara uku da suka wuce, matarka da ke gabanka ba ka san abin da take ci ba."

Remigio ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki, da haushin kansa.

"Kar ka kuskura ka gaya mata ka gani," in ji Eladia. "In ta san ka gani, ko ƙashin ba za ta ƙara taɓawa ba. Gara ta tafi asibitin."

Washegari da safe ya sauka ɗakin ƙasa. Can ƙurya akwai wata cinya da ta shekara huɗu, ta wani baƙin alade da ya yi kaka biyu a daji. Shekara guda ke nan duk wanda ya tambaya sai ya ce da saura, alhali shi ya san ta yi, kawai bai ga wanda ya cancanta ba ne. Ya sauke ta, ya hau da ita, ya ɗaura a mariƙi. Casilda na goge tebur, ta ce, "Wa ya mutu?" Ya ce Eladia ce ta roƙi kaɗan, da wasu a gidan kofi.

Ya feɗe fatar yadda ya saba. Sannan ya ɗauki wuƙa ya yi abin da ko a mafarki bai taɓa yi ba. Ya kafta mata sara a karkace. Ya sake wani a gefe. Ya fitar da 'yan yanka ya naɗe a takarda na Eladia, ya bar cinyar da tudu da kwari, ga guntaye suna reto, ga wasu sun zube a kan katako. Mai yanka na gaskiya yana barin fuskar cinya a shafe, ko ƙuda ya taɓa za a gane. Wannan kuwa ko an ɗebi rabin kofi babu mai sani.

"Hannuna ne," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Maganin likitar nan ke sa shi rawa. Guntayen ki zubar, ko ki ba kare."

Ba su da kare.

Da la'asar ya tafi karta. Da zai dawo ya tsaya a ƙofa ya yi tari sau uku, ya daɗe yana goge takalmi. Guntayen babu su, tudu biyu kuma sun ragu. Bai ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Washegari ya sake sassare cinyar, ya fi na jiya muni. Haka aka riƙa yi. Kullum yana barin abin da ya kai yanka biyar, don haka likita ta ce, wani lokaci shida in ya ga ta yi fari da yawa. Bayan kwana goma ya lura ƙwayoyi sun daina zuwa tukunyar fure. Da alama cikin da ya sami nama ya fi haƙuri da su.

A mako na uku Sandalio mai burodi ya zo gidan. Autarsa za ta yi aure ƙarshen wata, ya zo roƙon Remigio kamar yadda kowa ke yi, da hula a hannu da burodi biyu masu zafi. Casilda ta shigar da shi ɗakin girki kafin Remigio ya sami damar jefa tsumma a kan cinyar. Sandalio ya buɗe baki zai yi magana, idonsa ya faɗa kanta. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

Casilda na tsaye a bakin murhu, ta ba su baya. Remigio ya dubi bayanta. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa: ya ɗauki wuƙa a gaban Sandalio ya fitar da yanka guda, magana ta ƙare. Amma in ya yi haka, ƙaryar hannu ta tashi, guntaye kuma sun ƙare.

"Ni ne," ya ce.

"Kai?"

"Hannu ya tafi, Sandalio. Tsufa."

"Allah sarki," in ji Sandalio, da muryar ta'aziyya, amma a idonsa kana ganin busasshen burodin nan na shekarun baya yana murna. Ya ajiye burodin, ya ce da ma gaisuwa ce kawai ta kawo shi.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama gari. Mutanenmu, in dai wajen yaɗa masifar wani ne, ba a kai su sauri ba. A gidan kofi aka fara tura masa kofi da hannu biyu, wai kar ya zubar. Wata tsohuwa ta kawo masa man shafawa. Ranar bikin, Sandalio ya ɗauko wani daga garin gaba, mai farar riga da safar hannu, wanda ke juya wuƙa a iska kafin ya yanka, mata na tafi. Remigio na zaune a teburin tsofaffi da tumatir a gabansa. Ya ga mutumin ya fara cinyar ta gefen da ba a farawa, ya ga yana zubar da kitsen da ya kamata ya bari. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya ji kamar ya tashi ya fita. Faranti ya zo teburinsu, aka tsallake Casilda kamar kullum, aka tsallake shi saboda hawan jini. Suka zauna su biyu da zaitun a tsakani.

Mako shida suka cika ranar wata Juma'a. Likita Olalla ta duba takarda, ta dubi Casilda, ta ja fatar idonta ƙasa ta leƙa.

"Bai kai inda nake so ba," ta ce, "amma ya kamo hanya sosai. Ba asibiti. A ci gaba da abin da ake yi, in gan ku bayan wata biyu. Mama, ashe dai an fara cin cinyar?"

"Ba na so," in ji Casilda.

"Ba ta so," in ji Remigio.

Likitar ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce to, waken garin nan da ƙarfi yake. Ta auna Remigio, ta ce nasa ma ya ɗan sauka, kar ya kuskura ya koma.

Suka kamo hanyar gida, rana ta take. Remigio ji yake kamar an sauke masa buhun gishiri daga wuya, amma fuskarsa ba ta nuna ba. Da suka kai bakin famfo, inda ta yi maganar gado wancan karon, Casilda ta tsaya ta gyara ɗankwali.

"Remigio."

"Na'am."

"Mutumin da hannunsa ke rawa ba ya aske gemu da aska kullum da safe bai yanke ba."

Ya taɓa haɓarsa. 

"Kuma tarin nan da kake yi a ƙofa, ka daina. Maƙwabta sun fara tambaya ko ƙirjinka ne."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun saran farko. Ka bar Sandalio ya ba ɗan garin gaba bikin 'yarsa."

"Sandalio bai san cinya ba. Mai safar hannu ya dace da shi."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi kuka ba, sai dai haɓarta ta ɗan motsa. Ta ci gaba da tafiya, ya bi ta. Suna shiga gida ta wuce ɗakin girki, ta buɗe kabad ta ɗauko farin farantin da ake fitarwa don baƙi, ta goge shi da gefen zane, ta ajiye a gaban cinyar. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗora hannu biyu a tebur.

"Ka gyara wa cinyar nan fuska, abin kunya ne," ta ce. "Sannan ka yanka mini yadda kake yanka wa amare. Na shekara arba'in ina kallo."

Ya wasa wuƙa. Sai da ya ɓata kusan rabin awa kafin ya shafe ɓarnar da ya yi, ya kai ga wurin da naman ya yi ja mai duhu da zaren kitse a ciki. Hannun bai yi rawa ba ko kaɗan. Ya fitar da yanka biyar, ya jera su zagaye, ya ƙara na shida a tsakiya. Ta ɗauki ɗaya da yatsa biyu, ta ɗaga shi wajen taga ta ga haske, ta sa a baki. Wannan karon ba ta rufe ido ba, shi take kallo.

Ta ci huɗu. Ƙanshin ya cika ɗakin, Remigio na tsaye da wuƙa, mako shida rabonsa da cinya, maƙogwaronsa na hawa yana sauka. Ta lura. Ta turo farantin gabansa.

"Ɗauki ɗaya. Guda ɗaya ba za ta kashe ka ba, likita ba ta nan."

Ya dubi yanka biyun da suka rage. Ya dubi leɓenta da ya fara yin ja. Ya sa ɗan yatsa ya mayar mata da farantin.

"Ba na so," ya ce. "Tayar mini da zuciya yake."

Casilda ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗauki na biyar.

"Ba ka iya ba," ta ce. "Kar ka riƙa kallon farantin in za ka faɗa. Shekara goman farko ne masu wuya."